Birkin Hannun Dama

Duk unguwannin da ke gindin dutsen sun san Mai Tanki, ko da ba su san fuskarsa ba, don shi yake sakar musu ruwa. Hukumar ruwa ta gina wani ƙaton tanki a can ƙolin dutsen, ta sa masa makunni mai kama da sitiyarin babbar mota, kuma kullum da safe sai an hau an murɗa shi da hannu kafin famfunan gari su yi tari su kawo. Wannan shi ne aikin Mai Tanki tun yana saurayi har furfura ta cinye masa gemu. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, mutumin nan da ke hawa dutse kullum matsoraci ne na bugawa a jarida.

Ba wai tsoron ɓarayi ko karnuka ba. Shi tsoronsa na kaya ne, abin da zai kwance, ko ya tsinke, ko ya sulluɓe. Ba ya zama a ƙarƙashin fankar sama. Ba ya giftawa ta bayan motar da aka ajiye a gangare. In ya kulle ƙofa ya yi gaba, sai ya dawo ya girgiza kwaɗon, ya tafi, ya kuma dawowa. Matarsa, mace mai baki kamar reza amma mai sonsa, takan tsaya riƙe da ƙugu ta ce, "Malam, in ka gama da ƙofar ka zo ka girgiza ni ni ma, ka ji ko ina nan."

Da hukuma ta raba wa ma'aikata babura, kowa ya karɓa yana washe baki, shi ya mayar da makullin nasa. Aka tambaye shi dalili, ya ce abin da ke tafiya ba da ƙafarsa ba, wata rana zai tafi ba da izininsa ba. Aka yi ta yi masa dariya a ofis. Ya ci gaba da hawa dutsen a ƙafa har gwiwoyinsa suka fara ƙorafi, sannan ya shiga neman keke.

A wurin wani mai sayar da kekunan hannu ya same shi, keken hawan dutse ne mai faffaɗan taya masu haƙora. Gabansa akwai shakazoba, ƙarfen nan da ke nutsewa yana tasowa in taya ta daki dutse, bayansa kuwa babu komai, tsurar ƙarfe ce daga sirdi har taya. Mai kekunan ya yi ta tallata masa wani na alminiyam wanda ko yaro zai ɗaga da hannu ɗaya. Mai Tanki ya je ya ɗauko amininsa Mai Walda, wanda suka tashi a layi ɗaya, ya ce ya duba masa. Mai Walda ya shafa wannan, ya shafa wancan, ya ce, "Wannan mara nauyin, ran da zai karye ba zai yi maka sallama ba. Shi kuwa ƙarfe sai ya yi ta kuka tukuna, ka ji, ka kawo mini in ɗinke." Magana ta ƙare. Mutumin da ke neman abin da zai gargaɗe shi kafin ya cuce shi, ai ya samu.

Daga ranar, kullum kafin ya hau sai ya zaro makullin tanki ya bi gangar jikin keken yana ƙwanƙwasawa, kunnensa a kare. Ƙarfe mai lafiya ƙara yake yi siririya, mai tsaga kuwa sai ya amsa a dakushe. Ta haka ya kama tsaga a ƙasan sirdi tun tana kamar silin gashi, Mai Walda ya liƙe ta, aka shafa fenti wanda bai dace da na asali ba. Keken ya tsufa da tabo iri-iri, nauyinsa kuwa sai wanda ya ɗaga. A hanyar tsakuwa bayan keken harbi yake kamar jaki, dole mutum ya miƙe a kan feda, in ba haka ba ranar da gefe ɗaya zai zauna cin abinci. Mai Tanki bai taɓa son hawan ba, kada a yi masa ƙarya. Hawa dutsen wahala ce, saukowa kuwa kullum ransa a hannu yake yin ta, birki a damƙe tun daga ƙofar tanki har bayan injin katako inda kwalta ta fara. Amma yana son keken kansa, so na gaske, kuma ba ya ba da aronsa ko ga liman.

Mutum ɗaya ce ta karya wannan doka, wato 'yarsa Auta. Yayyenta maza ko kallon keken ba su yi ba, su babur suke mafarki. Ita kuwa tun ƙafarta ba ta kai feda ba take maƙale da shi, ta yi kuka, ta yi gaba da abinci, har uban ya sallama. Ya koya mata a filin bayan gida, yana gudu a gefenta yana salati. Karatun da ya fi nanata mata shi ne na birki. Na hannun dama na tayar baya ne, na hagu na tayar gaba. In ka damƙe na baya, iyakaci taya ta ja ƙasa. In ka damƙe na gaba da ƙarfi a gangare, tayar gaba ta tsaya cik, bayan keken ya tashi, sai mutum ya wuntsila ta sama. "Dama tukuna," haka yake ce mata. "In kin tsorata, dama. Hagu sai da lallashi." Ya faɗa, ya maimaita, har abin ya bar kanta ya koma cikin yatsunta. Da ta girma takan raka shi tanki a ranakun hutu, ta san makunnin, ta san agogon da ke nuna yawan ruwa, ta san kwanar da direbobi ke kira Gwiwa, inda hanya ke karyewa a ƙarshen gangare mafi tsayi, ga tsohon ramin fasa dutse a gefe. Daga baya ta yi karatu, ta samu aikin koyarwa a wani gari, zuwanta gida ya koma na hutu.

Bayan tafiyarta ne hannunsa na dama ya fara ba shi matsala. Murɗa makunni da damƙar birki na shekara da shekaru suka taru a yatsun, sai ya zama kafin ya kai rabin gangare sun mutu, ba ya jin ko yana riƙe da wani abu. Wata rana ya ga keken yana ƙara gudu alhali a zatonsa ya matse birkin. Da ya dawo gida ya kifa keken a tsakar gida, ya ɗauko sifana, ya sauya wayoyin. Birkin baya ya koma hannun hagu mai ƙarfi, na gaba ya dawo dama. Ya yi ta zagaye a filin bayan gida har hannuwansa suka saba. Bai ɓoye wa kowa ba, bai kuma faɗa wa kowa ba. Wa zai faɗa wa? Keken da ba mai hawa sai shi.

Auta ta zo hutu ta tarar da shi zazzaɓi ya kwantar. Duk da haka ya ce gobe sai ya hau dutse, don wanda ke karɓarsa in ba shi da lafiya ya yi tafiya. Matarsa ba ta yi musu ba, abin da ya kamata ya ba shi tsoro tun a lokacin. Ta ba shi magani, ta ja labule.

Abin da ya tashe shi shi ne tarin famfon tsakar gida. Ya ji bututun yana shaƙewa yana tofar da iska, sannan ruwa ya ɓarke a cikin bokiti. Ya yi kwance yana saurare, sai da ya ɗan jima kafin hankalinsa ya kai ga cewa yau ba shi ya saki ruwan ba. Rana ta riga ta shigo ta gefen labule. Ya miƙe jiri na ɗibarsa, ya leƙa zaure. Wurin da keken ke jingina babu komai, ƙusar da yake rataye hular kwano da makullin tanki ma wayam.

"Ina keken?"

Matarsa tana tsugune tana tara ruwa, ko juyowa ba ta yi ba. "Koma ka kwanta. Auta ta hutar da kai. Ga shi har ruwa ya zo, kuma duniya ba ta tashi ba."

"Auta ta hau keken nan?"

"A'a, a ka ta ɗauke shi. Malam, ba kai ka koya mata ba?"

Shi ya koya mata, ai matsalar ke nan. Ya dafa bango. A hawa ba a taɓa birki, don haka za ta iya kaiwa har tanki ba ta san komai ba. Ruwa ya iso gida, wato ta riga ta murɗa makunni. Abin da ya rage mata ta duba agogo, ta kulle ƙofa, ta juyo. Can a saman Gwiwa za ta ji gudu ya yi yawa, yatsunta za su yi abin da ya dasa musu, su damƙe dama.

"Kira ta! Kira ta a waya!"

Matar ta ga fuskarsa, wasa ya fita daga muryarta. Ta danna lambar da jiƙaƙƙen hannu. Wayar Auta ta ɗauki kiɗa a cikin ɗaki, a kan katifa.

"Me ya faru? Malam, yi mini magana mana!"

"Na juya birkin," ya ce. Ita ba ta san me hakan ke nufi ba, shi kuma ba shi da numfashin yin bayani. Ya zura silifas ya fita da rigar barci.

Mutumin da bai taɓa tsallaka titi sai ya duba sau uku ba, ranar a guje ya ratsa tsakanin motoci, direbobi suna zaginsa. Mai Walda yana buɗe shago ya hango shi, ya ɗaga murya, "Kai, lafiya? Wa ya biyo ka?" Ya wuce shi a guje. A bayan injin katako akwai wata 'yar hanyar ƙafa da ke yanke dutsen a miƙe, ta ɓulla daidai ƙasan Gwiwa. Bai taɓa binta ba saboda santsi da ƙaya. Ya kama ta da hannu da ƙafa.

Zazzaɓin ya sa ƙafafunsa sun zama kamar na aro. Silifas ɗaya ya tsinke, ya bar shi nan. Ƙirjinsa yana zafi, bakinsa ɗaci, kuma duk inda ya ɗora ido ba ya ganin ciyawa ko dutse, ramin nan yake gani, da koren ruwan da ke kwance a ƙasansa. Ya ga tayar baya ta tashi. Ya ga Auta a sama. Ya runtse ido ya buɗe, hoton yana nan. Tsoro ba baƙonsa ba ne, tare suka tsufa, amma duk wanda ya sani a baya na kansa ne, kuma yana da magani: a ƙwanƙwasa, a ɗaure, a dawo a duba. Wannan ba shi da wurin kamawa. Addu'a yake so ya yi, abin da ke fitowa daga bakinsa kawai shi ne, "Hagu, Auta, hagu," kamar tana jinsa.

Yana dab da fita ya ji ƙarar da ya fi sani a duniya, sarƙa tana dukan ƙarfe, tsakuwa tana fashewa a ƙarƙashin taya. Tana tafe. Bai tsaya tunanin komai ba. Ya kutsa cikin ƙayar da ta rufe bakin hanyar, ya faɗo tsakiyar titi hannuwa a sama, yana ihu da iyakar muryarsa.

Ta riga ta karyo kwanar. A miƙe take a kan feda, jikinta a baya, tafiyarta a natse, kuma ramin yana bayanta. Wannan ya gani da idonsa, ya kuma ci gaba da ganinsa har ƙarshen rayuwarsa. Sai ga mutum ya faɗo gabanta daga cikin daji, tsakaninsu bai fi tsawon ɗaki ba. Ya ga idanunta sun buɗe. Ya ga yatsun hannunta na dama sun rufe.

Shakazoba ta nutse, tayar baya ta tashi, Auta ta wuce ta saman keken ta faɗi da kafaɗa a gabansa. Keken ya biyo ta, ya daki ƙasa, ya ja gefe tayarsa tana juyawa. Daga nan dutsen ya yi tsit.

Mai Tanki ya yi mutuwar tsaye. Ya kasa matsawa, don muddin bai taɓa ta ba, bai san komai ba tukuna. Daga baya ya durƙusa, ya rarrafa. Hular kwanon ta tsage ta gefe, kumatunta ya goge da tsakuwa, idanunta a rufe. Ya kira sunanta. Ya sa bayan hannunsa a hancinta, amma hannun dama ne, ba ya jin komai da shi, sai da ya sauya.

Ta ja numfashi da ƙarfi kamar wadda aka tsamo daga ruwa, ta yi tari, ta buɗe ido.

"Baba? Me kake yi a nan?"

"Kar ki motsa. Auta, kar ki motsa. Motsa mini yatsun ƙafarki. A'a, kar ki tashi. Kina ganina?"

"Ina ganinka. Wayyo kafaɗata." Ƙashin nan da ya taso daga ƙasan wuya zuwa kafaɗa ya yi wani tudu a ƙarƙashin rigarta, shi kuma ya kasa kallon wurin.

"Birkin ne," ya ce yana kuka, hawaye da majina, ba kunya. "Na juya shi. Dama ya koma gaba. Ban faɗa miki ba, ban faɗa wa kowa ba."

Ta dube shi tana cije leɓe. Da ta san abin da maganarta za ta yi masa da ta haɗiye ta, amma zafi ba ya barin mutum ya tace magana.

"Ai na sani, Baba. Tun a zaure na matsa na ga ka sauya. Da hagu na sauko tun daga tanki, lafiya lau." Ta ja iska ta haƙora. "Kawai dai na ga mutum a gabana ne."

Ya zauna daɓas a kan tsakuwa, ƙafa ɗaya ba takalmi, jini yana tsattsafowa inda ƙaya ta yage shi.

"Baba, ba zan iya takawa ba. Hau keken ka kira Kawu Mai Walda ya zo da motarsa."

"In bar ki a nan?"

"To goya ni za ka yi? Je ka, don Allah. Jiri nake ji."

Ya janye ta a hankali zuwa inuwar wani dutse, ya tuɓe rigarsa ya tallafe mata hannun da ita. Ya ɗaga keken. Kan ya ɗan karkace, ya matse tayar tsakanin gwiwoyinsa ya daidaita. Bai duba ko ƙarfen ya tsage ba. Ya hau da singileti, ya waiwaya ya ga kanta ya jingina da dutsen idanunta suna lumshewa, sai ya saki birki duka biyun. Iska ta cika masa baki, bayan keken yana harbinsa, hanya tana rawa a idonsa, kuma tsoro bai ragu ba ko kaɗan, sai ma ƙaruwa. Kawai dai tsoron da ya bari a bayansa ya fi na gabansa girma. Masu injin katako sun ce sun ga wani abu ya wuce fuu, ba su yarda shi ne ba sai da suka ji yana kiran Mai Walda tun daga nesa.

A asibiti aka ɗauki hoton ƙashin, likita ta ce karaya ce guda ɗaya, za ta haɗe, kai kuma lafiya, hular ce ta sha dukan. Aka rataye hannun a wuya, aka wanke kumatun. Mai Tanki yana tsaye a bakin ƙofar ɗakin cikin rigar aikin Mai Walda mai ƙonannun ramuka, ya kasa shiga, ya kasa tafiya. Sai ga matarsa ta faɗo kamar guguwa, mayafi a hannu. Ta shafa fuskar 'yarta, ta shafa kanta, ta yi kuka ta share, sannan bakin ya dawo mata.

"Yanzu wani ya faɗa mini abin da ya faru. Shi wannan ya ce mini wai ya juya birki, ya fita kamar mahaukaci. Birkin ne ya kayar da ke?"

Mai Tanki ya buɗe baki. Auta ta riga shi.

"Ba ruwan birki, Mama. Akuya ce ta faɗo mini daga cikin daji."

"Akuya?"

"Wata tsohuwar akuya. Allah ma ya sa Baba yana kusa."

Matar ta tafa hannu. Ta shiga zagin akuyar nan, ta inda take shiga ba ta nan take fita ba. Ta tsine wa ƙafafunta, ta tsine wa wanda ya sake ta ba igiya, ta ce dabba mara hankali, mara aikin yi, da ba ta san inda za ta tsaya ba sai gaban 'yar mutane. Mai Walda, wanda ya ga ƙaya a jikin amininsa ya kuma haɗa lissafinsa tun a mota, ya duƙar da kai yana kallon takalmansa. Auta tana kallon ubanta ta gefen ido, tana roƙonsa da ido ya yi shiru.

"Allah ya isa tsakanina da akuyar nan," matar ta ce, ta juyo gare shi. "Malam, kana tsaye kamar an dasa ka. Ba za ka ce amin ba?"

Mai Tanki ya dubi hannun 'yarsa a rataye.

"Amin," ya ce.